Indabo: Awara a Ƙofar Gidan Kallo, Madara a Ruga

Wanda ya bar birnin Kano ya miƙi hanyar Maiduguri, bayan tafiyar kimanin kilomita 40 zai iske gadar Wudil, da kogin da masunta da masu ɗiban yashi ke ci daga cikinsa. An san Wudil da kasuwar shanunta ta ranar Juma'a, wadda fatake ke loda dabbobi daga cikinta zuwa kudancin ƙasar nan. An kuma san ta da jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Sai dai ƙaramar hukumar ba ta tsaya a bakin titi ba. Tana da mazaɓu goma, cikinsu har da Utai da Achika da Darki da Lajawa, da kuma Indabo, garin manoma da na kai ziyarar zumunci a ƙarshen daminar bana.

Na isa ranar Asabar da hantsi. Gero ya nuna, dawa ta fara fitar da kai, wake ya shimfiɗu a tsakanin kunyoyi. A gefen hanya, duk inda aka bar fili ba a noma ba, fararen shanu ne ke kiwo, sun yi ɓul-ɓul saboda ɗanyar ciyawa. Garin shiru yake har zuwa la'asar, domin kowa yana gona. Da aka idar da sallah sai na ji ƙarar janareta ta tashi daga wani lungu, na ga samari suna nufar wurin biyu-biyu, uku-uku, wasu sanye da rigunan Arsenal, wasu na Chelsea ko Manchester United. Gidan kallon ƙwallo ne: rumfar kwano, bencina a jere, talabijin biyu a gaba, da allo a ƙofa wanda aka rubuta wasannin ranar da alli.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana wajen rumfar. Wata dattijuwa ta girka murhu da kasko tana suyar awara, 'yarta na zuba yaji da yankakken kabeji da albasa. Kafin a take wasa layi ya taru a gabanta, da aka tafi hutun rabin lokaci kuwa sai da ta ƙara itace. Na gaishe ta na ce, "Inna, kullum haka kasuwar take?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ranar da manyan ƙungiyoyi suka haɗu, kwanon wake biyu ba ya kai ni isha'i."

Aikin awara ba ƙarami ba ne. Ana jiƙa waken suya tun dare, a kai niƙa da safe, a tace da ƙyalle a fitar da madararsa. Sai a ɗora a wuta, idan ta tafasa a zuba ruwan tsami, galibi wanda aka tsiyaye daga kan gasarar koko. Nan take madarar ke tsinkewa, farin gudaji ya taso sama, ruwa ya koma ƙasa. A kwashe cikin buhu, a ɗora dutse ya matse, a yanka, a soya. Wannan sana'a ba ta daɗe a ƙasar Hausa ba. Ta bazu ne bayan da cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya tun daga ƙarshen shekarun 1980. Sunan kansa yana tona asalinsa, domin wara shi ne abin da Yarbawa ke kiran cukun madarar shanu wanda matan Fulani ke yi a yankunan Kwara da Oyo. Ke nan awara kwaikwayon cuku ce, kuma a wurinmu kwaikwayon ya samu karɓuwar da ainihin abin bai samu ba.

Haɗa kallon wasa da ciye-ciye ba a kanmu aka fara ba. A Amurka, ranar wasan ƙarshe na irin tasu ƙwallon, wanda suke kira Super Bowl kuma ake bugawa tun 1967, iyalai da abokai kan taru a gida ɗaya, kuma cuku yana cikin manyan abin da ake ci. Akwai wani haɗi da suke ji da shi: a narkar da man shanu a tukunya, a zuba fulawa a juya, a ƙara madara da giya, sannan a riƙa barbaɗa gogaggen cuku kaɗan-kaɗan a kan wuta marar ƙarfi har ya zama kamar kunu mai kauri. Da ɗuminsa ake kawo shi, kowa ya riƙa dangwala gasasshen burodi. Garin Winchester na jihar Kentaki ma har bikin shekara-shekara yake yi na cukun da aka kwaɓa da giya. Wannan haɗi ba namu ba ne, domin giya haramun ce ga Musulmi, kuma ɗan dafawar da ake yi mata ba ta kore barasar gaba ɗaya. Abin lura a nan shi ne dabarar da ke bayan tukunyar. Jihar Wiskonsin ita ke samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cukun Amurka, kuma magoya bayan ƙungiyarta ta Green Bay Packers har hula mai siffar yankin cuku suke sawa su shiga fili. Makiyayan can sun ɗaura hajarsu a jikin wasan da jama'a ke so, duk ranar wasa ta zama ranar cinikinsu.

Da wannan tunani na kwana. Washegari da sassafe mai masaukina ya raka ni wata ruga da ke bayan gari. Mun tarar ana tatsa. Saniyarmu ta gida, farar nan da Fulani ke kira bunaji, ba ta da yawan nono idan aka gwada ta da shanun Turai: abin da ake samu bayan an bar wa maraƙi rabonsa bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a yini ba. Amma da damina, idan aka haɗa na garke guda, ƙwarya kan cika har a nemi wata. Matan rugar suna dafa madarar, su bar ta ta kwana ta zama kindirmo, ko su kaɗa su cire man shanu su kai nonon gari tare da fura. Uwargidan da ta tarbe mu ta shaida mini cewa a wannan lokaci na shekara nono yana yawa a kasuwa har farashi ya faɗi, wanda bai ƙare ba kuma tsami yake yi ya lalace. Da rani kuwa, idan ciyawa ta bushe, masu saye na nema babu.

A bakin rugar, da gefen kowace hanya da muka bi, tumfafiya ce tsaye da faffaɗan ganyenta, babu mai kula ta. Wannan tsiro da muke ɗauka ciyawar banza shi ne sirrin wara. Ana ɗora sabuwar madarar da ba ta yi tsami ba a wuta kaɗan, a daddaka ganye ko karan tumfafiya a jiƙa cikin ɗan madara, a tace, a juye a tukunyar. Ƙaron da ke cikin tsiron yana ɗauke da sinadarin da ke daskarar da madara. Cikin ɗan lokaci gudaji zai rabu da ruwa, sai a ƙara wuta ya tafasa sosai, a kwashe cikin ƙananan kwanduna ya tsane. Kimanin lita 5 na madara kan ba da kilo ɗaya. A Jamhuriyar Benin, inda ake kiransa wagashi, har rina shi suke yi da karan dafi ya yi ja. Ana buƙatar hattara, domin ƙaron tumfafiya yana cutar da ido, kuma idan ya yi yawa cukun kan yi ɗaci. Tafasawar kuwa riba biyu ce, tunda tana kashe ƙwayoyin cutar da ake iya ɗauka daga ɗanyar madara, irin su tarin fuka na shanu.

Irin wannan cuku ba ya narkewa a wuta kamar na Amurkawa, saboda haka ba za a yi kunun dangwale da shi ba. Halinsa irin na awara ne sak: a yanka, a soya ya yi ja a waje, cikinsa ya zauna da laushi, a dangwala a yaji ko a miyar tattasai da albasa mai ɗumi. Kaskon dattijuwar nan ta ƙofar gidan kallo ba ya buƙatar wani sauyi kafin ya karɓe shi. Haka kuma kalmar cuku ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. 'Yan'uwanmu na Nijar, daga Agadas zuwa Tawa da Dakoro, sun daɗe suna yin nasu mai faɗi kamar takarda, wanda ake shanyawa a rana ya yi watanni bai lalace ba, a ci da shayi ko a daka shi cikin fura. Fatake na kawo shi Kano har gobe. Ga shanu, ga tumfafiya, ga kasko, ga masu ci sun taru da kuɗinsu a hannu, amma ba a haɗa su wuri ɗaya ba. Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Adalci ne a faɗi abin da zai iya hana ruwa gudu. Na farko shi ne farashi. Awara ta samu shiga ne saboda arha, har ɗalibi da ɗan acaɓa suna iya saye su ƙoshi, alhali cukun madara dole ya fi ta tsada. Na biyu, Bafulatana tana da lissafinta: daga ƙwarya ɗaya tana fitar da man shanu ta sayar, ta kuma sayar da nonon, don haka ba za ta bar wannan ta kama cuku ba sai ta ga ribar da ta fi. Na uku, wara ba ya jure ajiya. Idan babu firiji, kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa, sai fa an soya ko an sake tafasa shi a ruwan gishiri. Waɗannan dalilai ne masu nauyi, kuma su ne suka sa nake ganin maganar ta rarar madarar damina ce kawai, wadda a yanzu take faɗuwa warwas ko ta lalace. Wani abin sha'awa shi ne gasannin Turai, na Ingila da Sifaniya da sauransu, suna farawa ne a watan Agusta. Makonnin farko na kaka, lokacin da gidajen kallo suka fi cika saboda ɗoki, sun faɗo daidai lokacin da ruga ta fi yalwar madara.

Batun ya wuce ciye-ciyen samari. Najeriya, duk da miliyoyin shanunta, tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya kowace shekara wajen shigo da madara da dangoginta daga waje. Babban Bankin Najeriya ya taƙaita bayar da kuɗin waje ga masu shigo da ita a 2020, gwamnatin tarayya kuma ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Manyan tsare-tsare irin waɗannan sukan yi maganar masana'antu da motocin sanyi da shanun ƙetare, abubuwan da za su daɗe ba su iso rugar bayan Indabo ba. Cuku kuwa hanya ce ta adana madara da ba ta buƙatar lantarki, ilminta kuma yana hannun matan Fulani na Ilori da Buzayen Agadas. Tarihin awara ya riga ya nuna cewa matan ƙasar Hausa suna karɓar sabuwar sana'a idan aka koya musu ita da kayan da ke gabansu. Cikin shekaru talatin ta tashi daga abin da ba a sani ba ta zama abincin kowane lungu.

Jami'ar da ke Wudil tana da tsangayar aikin gona da sashen kimiyyar abinci, kuma daga harabarta zuwa Indabo ba tafiyar yini ba ce. Ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu suna da tambayoyi a nan da ke jiran amsa: nawa ne ma'aunin tumfafiyar da ya dace da lita ɗaya, wace hanya ce ta fi tsawaita kwanan cukun a zafinmu, kuma a wane farashi ne mai tatsa da mai suya za su tsira da riba su biyun. Ƙaramar hukuma na iya ɗaukar nauyin gayyato ƙwararrun mata biyu ko uku su koyar da ƙungiyoyin mata na mako guda. Masu gidajen kallo, waɗanda taron jama'a ke hannunsu, za su iya ware wuri mai tsafta da haske a ƙofa, manyan mata su riƙa zama a ciki, a hutar da ƙananan 'yan mata daga tallan dare a tsakanin samari, su samu su yi barci su tashi makaranta.

Jihar da ta ba Najeriya Kano Pillars, zakarun ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ba za ta daina kallon ƙwallo ba, kuma duk inda aka taru kallo sai an nemi abin taunawa. A halin yanzu kuɗin shiga yana tafiya ga masu tauraron ɗan'adam da masu sayar da fetur, na lemon kwalba kuma ga kamfanonin birni. Na awara ne kaɗai ke kwana a gari. Idan aka ƙara cuku a kaskon, wani kaso zai bi hanyar ruga, ya shiga hannun matar da ta tashi tun asuba ta yi tatsa. Gwajin bai fi ƙarfin ƙwarya ɗaya ta madara da ganyen tumfafiya biyu ba, kuma damina mai zuwa ba ta da nisa.