Awa Biyar A Tsibirin Rodos

Kwana biyu kun ji ni shiru, a gafarce ni, hidimomi ne suka sha mini kai. Wasu daga cikinku sun daɗe suna matsa mini in ba da labarin tafiyar da na yi ƙasar Girka a watan Oktoban 2024, ni kuwa ina ta noƙewa, domin akwai wani abu a cikin labarin da nake jin kunyar tunawa. To amma alƙawari kaya ne, yau dai ga shi.

Wurin aikinmu ne ya tura mu mu biyu wani taron ƙara wa juna sani kan tsabtace ruwan sha a tsibirin Rodos, ni da wani babba a ofishinmu, Bayarabe, mutumin Ibadan gaba da baya, wanda duk muke kira Baba. Kwana uku muka yi daga ɗakin taro sai ɗakin kwana. Ranar da za mu taso kuwa jirginmu sai da yamma, wato safiya ɗaya tak muke da ita. A otal aka ce mana ko dai mu bi babbar bas ta 'yan yawon buɗe ido, wadda ke ɗaukar mutum wajen hamsin ta wuni da su, ko kuma mu ɗauki shatar ƙaramar mota da direbanta na rabin wuni, mu tsaya inda muka ga dama. Baba na fama da ciwon gwiwa, ga kuma jirgi ba ya jira, sai muka zaɓi shata. Yuro 250 na awa biyar. Mai karatu, kada ka juya kuɗin nan zuwa naira, ni da na juya sai da na nemi wurin zama. Muka dai raba biyu muka biya.

Ƙarfe takwas daidai direban ya iso, mutum ne da zai kai shekara hamsin, haifaffen tsibirin, Turancinsa ba laifi. Tun kafin ya tada mota ya gaya mana gaskiya cewa shi direba ne, a dokar ƙasarsu sai mai takardar izinin jagoranci ke shiga da baƙi wuraren tarihi yana yi musu bayani, saboda haka zai yi mana hira a mota, in mun isa ƙofa mu shiga da kanmu. Sai ya tambaye mu daga ina. Baba ya yi caraf ya ce, "Nijeriya. Ni daga Ibadan, wannan ɗan nawa kuma daga Kano, can Arewa."

Ban ce komai ba, don na saba. Amma waɗanda suka san ni sun san cewa a Sabo aka yanke mini cibiya, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne fataucin goro ya kawo shi Badun, kamar yadda su suke kiran garin. Unguwar kanta tun 1916 aka kafa ta. Zuwana Kano ba zai wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma in na je can ma, da na buɗe baki sai a ce ɗan Kudu ya zo.

Mun fara da tsohuwar tashar jiragen ruwa da ake kira Mandraki. A bakin mashigar akwai ginshiƙai biyu, kowanne da barewar tagulla a kai, mace da namiji. Nan ake nuna wa baƙi a ce a nan ne shahararren gunkin nan na Rodos ya tsaya, ɗaya daga cikin abubuwan mamaki bakwai na mutanen da, wai ƙafa ɗaya nan ɗaya can, jirage na wucewa ta tsakiya. Direban ya yi dariya ya ce batun buɗe ƙafa tatsuniya ce. Abin da aka tabbatar shi ne an yi shi da tagulla don abin bautarsu na rana, tsayinsa ya haura mita 30, an gama shi wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma bai cika shekara sittin a tsaye ba girgizar ƙasa ta kayar da shi. Yau ko ƙusa ɗaya ba ta saura ba. Da gari ya yi garau kana hango duwatsun Turkiyya daga nan, don nisan bai wuce kilomita 18 ba, alhali babban birnin Girka ɗin kansa sai ka yi kusan awa guda a jirgin sama.

Daga nan ya ba mu shawara mu wuce Lindos tun da sauran sanyin safiya, kafin motocin masu saukowa daga manyan jiragen ruwa su cika wurin. A nan na fara ganin amfanin kuɗinmu. Kilomita kusan 50 ne zuwa kudu, teku na hagunmu, gonakin zaitun na dama. Kafin a shiga garin ya tsaya a wata kwana a kan tudu ya ce mu fito. Allah mai iko! Fararen gidaje fes sun zagaye gindin wani dutse, a bisa dutsen ga ganuwa, a ƙasa kuma ruwa shuɗi shar kamar an zuba baba. Gani ya kori ji.

Mota ba ta shiga Lindos, lungunan sun yi ƙanƙanta. Mai son hawa dutsen ko dai ya taka da ƙafa, ko ya biya kuɗi ya hau jaki. Na tsaya ina kallon Turawa suna layi suna ɗaukar hoto da jaki, na tuna yadda ake yi wa dabbar nan a wajenmu. Na ce, "Baba, ko a ɗauko maka ɗaya?" Ya harare ni ya ce, "Malam, ban hau jaki a Nijeriya ba sai a Turai? Je ka ka dawo ka ba ni labari." Ya sami inuwa ya zauna da ruwan lemo, ni kuma na kama matattakala.

Dutsen ya kai mita 116. A hanya akwai siffar jirgin ruwan yaƙi da aka sassaƙa a jikin dutsen sama da shekara 2,000 da suka wuce. A can bisa kuwa zamani ne a kan zamani: ginshiƙan ɗakin bautar Atina na tsofaffin Girkawa, kusa da su tsohon cocin Rumawa, duka kuma a cikin ganuwar da mayaƙan Kirista suka gina daga baya. Ta ɗaya gefen kana hango wani ɗan tafkin teku da duwatsu suka kusa rufewa, inda mutanen wurin ke cewa Bulus ya taɓa sauka a cikin tafiye-tafiyensa na wa'azi. Minti arba'in na yi. Ina saukowa na ci karo da jama'ar bas suna hawa, ba masaka tsinke.

A hanyar dawowa ne direban ya jero mana waɗanda suka mulki tsibirin. Mayaƙan nan da ake kira jaruman Yahaya Mai Tsarki sun kama shi wajen 1309, suka yi masa ganuwa mai tsawon kilomita huɗu da gwalalo mai faɗi. Daular Usmaniyya ta kawo hari a 1480 ba ta yi nasara ba, sai a 1522 Sarki Sulaiman ya yi musu zobe na wata shida, suka miƙa wuya, ya bar su suka fice da ransu, daga baya suka zauna a Malta. Turkawa suka yi kusan shekara 400, Italiya ta ƙwace a 1912, Jamusawa suka karɓe a 1943, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a yarjejeniyar 1947, aka miƙa wa Girka. Ya ce a zamanin Turkawa kakanninsa Kiristoci suna iya sana'a a cikin birni da rana, amma kwana sai a bayan ganuwa. Baba ya taɓo ni ya ce, "Malam, ka ji Sabon Garinku na Kano." Na ce, "Da Sabonku na Ibadan, Baba." Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Tsohon birnin shi ma da ƙafa ake shiga. Direban ya ajiye mota ya ce zai raka mu a matsayin aboki, ba jagora ba. Muka bi titin jaruman, wanda aka shimfiɗe da duwatsu, inda kowane yare yake da masaukinsa: na Faransawa daban, na Italiyawa daban, na mutanen Sifen daban. Nan take na tuna gidajen masu gida a Sabo, inda fataken goro da na shanu ke sauka kowa gidan mutumin garinsu. A ƙarshen titin akwai fadar shugabansu, wadda fashewar albarushi ta rusa a 1856, Italiyawa suka sake gina ta gab da yaƙin duniya. Ba mu shiga ba, lokaci ya ƙure. Muka wuce ta gaban masallacin Sulaiman mai jan fenti, da wani ɗakin karatu da ke fuskantarsa wanda aka kafa tun 1793, mai rubuce-rubucen hannu na Larabci da Farisanci da Turkanci.

Can ƙasa kuma akwai tsohuwar unguwar Yahudawa. A watan Yulin 1944 Jamusawa suka tattara sama da mutum 1,600 daga cikinsu zuwa sansanin Auschwitz, kimanin 150 ne kawai suka tsira. Ƙaramin jakadan Turkiyya na lokacin, Selahattin Ülkümen, ya kuɓutar da sama da 40. Mutane ne da suka yi ɗaruruwan shekaru a lungunan nan, a 'yan kwanaki aka share su. Yanzu shagunan tsaraba ne a wurin. Ni da na ga yadda rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021 ya sa wasu da aka haifa a Ibadan suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su sani ba, jikina ya yi sanyi.

Wajen ƙarfe ɗaya na tambayi direban inda za mu yi azahar. Ya kai mu masallacin Ibrahim Pasha, wanda aka gina a 1540, kuma har yau ana salla a cikinsa. Ƙaramin masallaci ne a wani fili mai inuwa, mu da muka yi sallar ba mu cika sahu ba. Da aka sallame wani dattijo mai farin gashi ya miƙo mana hannu, ya biyo mu har waje yana murna, direban na yi mana tafinta. Ya tambayi ƙasarmu, ya tambayi ko da Musulmi da yawa, Baba ya ba shi amsa. Sai ni kuma, don in nuna ina jin daɗin hirar, na ce a tambaye shi yaushe ya zo nan daga Turkiyya, kuma yana zuwa gida kuwa?

Direban ya ɗan yi jim kafin ya fassara. Dattijon bai ɓata rai ba. Ya nuna wani lungu da sandarsa ya ce a can aka haifi kakansa a zamanin Sarkin Usmaniyya, a gidan aka haifi mahaifinsa a zamanin Italiya, a gidan aka haife shi a ƙarƙashin Girka. Ya ce Turkiyya yakan je ziyara, gida kuwa ga shi nan, minti uku da ƙafa.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tambayar nan ita ce ake yi mini tun ina firamare, duk sallah sai an ce, "Ba za ka je gida ba?" Na sha yin ƙorafi a kanta a gabanku. Ga shi na tsallaka teku na same ta a bakina, na jefa wa dattijon da ya girmi ubana zama a garinsu. Gaskiyar Hausawa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ce a ba shi haƙuri, ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, ba ni ne na farko ba.

A mota direban ya cika mana bayanin. A 1923 Girka da Turkiyya sun yi musayar jama'a bisa addini, Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka, da yawansu ba su ma jin yaren ƙasar da aka kai su. Musulmin Rodos sun tsira ne kawai don a lokacin tsibirin na hannun Italiya, yarjejeniyar ba ta shafe su ba. 'Yan dubbai ne suka rage, 'yan ƙasar Girka ne, tare suka yi makaranta da 'ya'yansu. Wato abin da ya raba mai zama da mai tashi, sa hannun wasu ne a wani gari mai nisa.

Mun zarce lokacinmu da rabin awa, direban ya ƙi karɓar ƙari, sai da muka matsa masa. Da zai sauke mu ya ce in sake faɗa masa sunan garina, zai duba a taswira. Kafin Baba ya buɗe baki na ce, "Ibadan. Mu duka biyun." Baba ya dube ni, ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne. Sabo." Ban sani ba ko gyara ya yi mini ko goyon baya, ban kuma tambaye shi ba. Amma dai tun da muka dawo ban sake jin ya ce da ni mutumin Kano ba.

Ga mai niyyar zuwa, shawarata ita ce in lokacinka kaɗan ne ko kana tare da dattijo, shata ta fi bas nesa ba kusa ba, musamman in kun kai uku ko huɗu kuka raba kuɗin. Ku fita da wuri, ku fara da Lindos, ku sa takalmi mai kama ƙasa don duwatsun na da santsi, kuma ku bar aƙalla awa biyu don tsohon birni. Mu awa ɗaya da rabi muka ba shi, bai isa ba.

Abin da ya sa na tuno labarin yanzu kuwa, babban ɗana ne ke neman shiga jami'a, an ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ni tawa daga garin kakana na karɓo ta, bayan doguwar tafiya da neman wanda zai shaide ni. Yaron ya tambaye ni, "Abba, ni wacce zan kai?" Har yanzu ban ba shi amsa ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali a cikinku, don Allah ya ba ni shawara.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a duk inda Ya ajiye mu, amin. Sai mun sake haɗuwa.

Naku a kullum, daga Sabo, Ibadan.