Fijon Babanmu a Nahuce

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga ita ma tana ciki.

A damanar 2023 Yayana ya aiko mini saƙo a makaranta can Zariya, cewa in zo gida Nahuce za a yi maganar motar marigayi Babanmu. Gabana ya faɗi, don na san maganar ta shafe ni. An sa ranar aurena, kuma ko gado ba a saya mini ba.

Tun da asuba na shiga mota, domin a lokacin babu mai son la'asar ta same shi a kan hanya saboda 'yan bindiga. Mun wuce Funtuwa, mun wuce 'Yankara, muna shiga ƙasar Tsafe sai hira ta mutu a motar, kowa ya kama salati a ransa. Ni kuwa ina kallon gonakin gero da dawa kore shar, ina tuna lokacin da Baba yake bi da mu nan da daddare, gilashi a sauke, rediyo na tashi. Sai da na hango Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama sannan na yi ajiyar zuciya, don duk ɗan ƙasar nan ya san in ka gan shi Gusau ta kusa. A Gusau na sake mota zuwa garinmu, wanda yake ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu.

Tun kafin in shiga zaure na gan ta a gindin dalbejiya, an ɗora ta kan duwatsu. Fijo 504 ce fara, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe kamfanin a 1975. Baba ya saye ta na hannu a 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, shi ya sa 'yan unguwa suke ce mata Sabuwar Jiha. Babu amaryar da ba ta kai ba a layinmu, babu mai naƙudar da ba ta ɗauka ba. Yanzu kuwa damana biyu ta yi a tsaye, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, kazar Inna har ta yi ƙwai a kujerar baya.

Washegari Kawu ya tara mu a tsakar gida, aka kira bakaniken da ya saba duba ta. Bawan Allah nan bai ɓoye komai ba. Ya ce sai an sauke inji an sa sababbin zobba saboda tana shan mai tana hayaƙi, lagireto ya huje, kafireto ta toshe, ga taya huɗu da batir, ga aikin walda, wasu kayan ma sai an je Ƙofar Ruwa a Kano. Da ya haɗa lissafi, kuɗin gyaran ya ninka abin da dillali ya taya. Ya ƙara da cewa, "Fijo ba ta mutuwa, amma tsohuwa in ka gyara mata gwiwa gobe baya ne zai kama."

Yaya ya kafe. Shi so yake a gyara ya sa ta haya tsakanin Gusau da Funtuwa, ya riƙa ciyar da gida. Kawu ya tuna masa an cire tallafin mai a watan Mayu, farashi ya haura, kuma 504 ba ta wasa da fetur. Ya kuma tuna masa mota gado ce, Inna tana da tumuni, sauran a raba mana, namiji kashi biyu mace ɗaya.

Ni dai na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Wallahi 'yan uwa, a raina so nake a sayar, don ina hango gadona da katifa a jikin ƙarfen nan. Amma kunya ta hana ni buɗe baki, kada a ce na sayar da Babana saboda kayan ɗaki. Na kuma tabbata Inna ba za ta yarda ba, ita da take share ƙarƙashin motar kowace safiya.

Ai kuwa sai ta gyara zama ta dubi Yaya.

"Wagga mota ita ta kai ni asibiti ran da anka haihe ka, ban mance ba. Amma hwaɗa mini, in ta mace maka bayan Tsahe, rana ta yi ja, mi za ka yi? Ni na rasa miji, ban iya rasa ɗa. A saishe ta."

Yaya bai ce uffan ba, sai ya tashi ya fita. Can da magariba na same shi zaune cikin motar, hannunsa a kan sitiyari. Na buɗe ɗaya ƙofar na zauna inda Inna take zama. Mun daɗe ba wanda ya yi magana, daga baya ya ciro carbin Baba daga jikin madubi ya miƙo mini, ya ce, "Ƙanwata, wannan ki tafi da shi ɗakinki."

Wani mutumin Tsafe ne ya saya, yana da irinta zai riƙa cirar kaya. Bayan an yi ta albarka har sau uku Kawu ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Sai dai Inna ta kafa sharaɗi guda, ba za a ja motar ba sai kazarta ta ƙyanƙyashe. Mutumin ya yi dariya ya ce ya yarda, kuma sai da ya jira kwana goma sha ɗaya.