Wasiƙa zuwa ga Binta: Wa Zai Rubuta Mana Amina?

Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.

Ƙawata Binta,

Yaya sanyin Ingila? Mu ma hunturu ya kankama, hazo ya rufe Kufena, da safe ko dutsen ba a hangowa. Inna tana gaishe ki, ta ce wai kin yar da mu.

Littafin nan da kika aiko, Hild na Nicola Griffith, ya hana ni barci. Ɗan abin da malamin coci Bede ya rubuta a kan Hilda, wadda aka haifa a 614 ta rasu a 680 tana shugabar gidan ibada na Whitby, shi matar nan ta ɗauka ta gina duniya sukutum a kansa. Inda tarihi ya yi shiru kan ƙuruciyar yarinyar, sai ta cike da saƙa da kiwon tumaki da gulmar fada, har kina jin warin hayaƙin ɗakin. Dama mutanen can sun saba, tun ƙarni na 12 Geoffrey na Monmouth ya ƙawata musu labarin Sarki Arthur, har yau ba su daina juya shi ba.

To mu fa? Ga Sarauniya Amina a ƙofar gida! Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nufe ya aiko mata babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Nan gida kuwa ana cewa 'yar Bakwa Turunku ce, yayar Zariya wadda garin ya ci sunanta, wannan kuma ya kai ta ƙarni na 16. Kin ga tazarar shekara ɗari da ɗoriya. Malaman tarihi na jami'a a Samaru su yi ta muhawararsu, amma ga mai ƙaga labari ai gaba ta kai shi, gobarar Titi.

Abin da ke damuna, kullum hoto ɗaya muke maimaitawa: mace a kan doki, takobi a sama. Haka na gani a fim ɗin Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a 2021, ga shi kuma da Turanci jarumar ke magana. Sai kuma zancen nan na cewa duk garin da ta ci takan kwana da namiji, gari na wayewa a kashe shi. Ni so nake in ji wa ya fara ba da wannan labarin, kuma me ya tsone masa ido.

Jiya na bi ta Ƙofar Gayan, na tsaya inda ganuwa ta zaizaye ta koma tudu. Awaki na hawa suna sauka, ga ramin da masu gini suka yi ta ɗibar jar ƙasa. Wa ya kwaɓa wannan ƙasar tun farko? Wa ya ɗebo ruwa, wa ya tuƙa wa dubban magina tuwo? Da Amina ta tafi yaƙi, me Zariya ke yi a gida? Goron nan na Nufe, wace jakadiya ce ta raba shi, wa aka hana har ta ƙullata? Littafin da nake son karantawa ke nan, kuma da Hausa. Ai a garin nan aka buga Ganɗoki da Shaihu Umar, ba yau muka fara haɗa tarihi da ƙage ba.

Ke ce mai alƙalami tun muna makaranta, kada ki ce mini aiki ya yi yawa. In Allah ya kawo ku Babbar Salla, mu kalli hawan Daushe, kashegari mu ɗauki mota zuwa garin Turunku mu zauna da tsofaffi. Ni zan riƙe rikoda, ke ki yi tambaya.

Zan ba ƙaninki kilishi da daddawa ya taho miki da su. Ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Hadiza