Sa hannu a madadinsa

Tun ranar da jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwar maigidana, ni ake miƙa wa takarda in sa hannu. Wani gefen jijiyar ne ya yi rauni, ya kumbura babu wata alama, har ya yage. Likita ya ce hanya biyu ce: ko a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, ko a bi ta jijiyar cinya a cusa siririyar waya ta toshe shi daga ciki. Na zaɓi tiyatar buɗe kai, domin ita ce kusa da mu.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya biyo baya ne ke hana ni barci: a sa masa robar abinci ta hanci, ko a ci gaba da gwada cokali alhali yana ƙwarewa? Yayansa yana son a kai shi ƙauye wurin mai magani, kuma don ƙauna yake faɗa. Na ce, "Yaya, a yi haƙuri ya cika kwana 21 na maganin da ke kare ƙwaƙwalwa idan jijiyoyi suka tsuke. Addu'a a nan ma tana isowa."

Nakan tambayi kaina abin da shi zai so, ko da bai yi mini daɗi ba. Mutum ne mai tsananin kunya. Shi ya sa wanka, da juya shi duk bayan awa 2 gudun gyambon kwanciya, ni da ƙaninsa kaɗai muke yi, masu dubiya kuwa su tsaya a falo.