Kwana Uku a Sanyin Dutsen Zarhun

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko ta ɓangaren boko kake bin wannan shafi ko ta ɓangaren ajami, ina so in ba ka labarin wani ɗan ƙaramin gari da Allah Ya nufe ni da kwana uku a cikinsa, a hutun Disamba na 2022. Sunan garin Maulaya Idris, yana kan Dutsen Zarhun a ƙasar Maroko.

Asalin tafiyar rakiya ce. Baffana ne ya yi niyyar ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas, ga shi ƙafa ta fara ba shi wahala, sai aka ce in bi shi in riƙe masa jaka. Da muka gama abin da ya kai mu, cunkoson Fas ya ishe shi, mai masaukinmu ya ba mu shawara mu hau dutse mu ɗan huta kafin ranar komawa gida. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Miknas, daga nan muka hau tasi mai ɗaukar mutum 6, tafiyar kamar kilomita 30.

Tun daga nesa za ka hango garin, fararen gidaje sun hau kan juna a bisa tuddai biyu, a tsakiyarsu ga koren rufin hubbare, kewaye da su kuma gonakin zaitun ne iya ganinka. Mota iyakarta dandalin kasuwa. Daga nan sai matakala, lungu bayan lungu, kowane kaya jaki ne ke haurawa da shi, har tukunyar gas. Baffa ya dubi matakalar, ya dubi sandarsa, ya ce, "Kai yaro, nemo mini jakin nan, ai ba yau na fara ba." Haka ya shiga garin a kan jaki, da babbar rigarsa.

To, maganar sanyi. Kai da ka saba da hunturunmu, na ƙura da kaushi da fashewar leɓe, kada ka ɗauka irinsa ne. Su can hunturu da damina tare suke zuwa: ruwa na sauka, ƙasa ta yi kore shar, sanyin kuma mai laima ne, yana ratsa bango ya same ka cikin bargo. Gidan da muka sauka babu abin ɗumama ɗaki, sai barguna uku-uku da aka jibga mana. Agogonsu a lokacin daidai yake da namu, amma kiran asuba sai wajen ƙarfe 7 saura, rana kuwa ba ta fitowa sai bayan 8. Ruwan alwala kamar an narkar da ƙanƙara, wallahi sai da na daɗe ina kallon butar kafin in zuba. Da muka isa masallaci sai ga tsofaffi sun riga mu cika sahun gaba, kowa cikin jallabiyar ulu mai hula a haɗe. Bayan salla aka kai mu wurin mai bisara, wato wani kunun wake mai kauri da ake kwarara wa man zaitun a barbaɗa kayan ƙanshi, a ci da gurasa mai zafi. Lokacin tsinkar zaitun ne, man sabo ne, har yana ɗan kama maƙogwaro.

Mai sunan garin Sharifi ne: Idris ɗan Abdullahi ɗan Hasan ɗan Sayyidina Hasan, jikan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A shekara ta 169 bayan Hijira, wato 786, aka yi yaƙi a Fakhi kusa da Makka, inda rundunar Abbasiyawa ta karkashe danginsa da yawa. Shi ya tsira, ya bi ta Masar tare da baransa Rashid, har ya iso gindin wannan dutse, wurin da ake kira Walili. Ƙabilar Auraba ta Barbar suka karɓe shi, suka yi masa mubaya'a. Bai fi shekara uku yana mulki ba ya rasu a 791, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa guba aka ba shi da umarnin Haruna Rashid. Ya bar ciki, aka haifi ɗan bayan rasuwarsa aka mayar masa da sunan uban, shi ne Idris na biyu wanda ya raya birnin Fas. Ka ga mutum ya zo da gudun hijira, daga shi sai bara guda, amma yau daga kansa mutanen Maroko ke fara ƙirga daulolinsu na Musulunci.

Ginin hubbaren da ake gani yanzu aikin zamanin Sarki Maulaya Isma'ila ne, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. A bakin hanyar shiga an gitta wani katako, dole ka sunkuya kafin ka wuce; dabba ba ta ƙetare shi, haka wanda ba Musulmi ba. Muka yi sallama muka yi addu'a muka fito. Akwai wata magana da ke yawo a bakin jama'a, wai zuwa nan sau biyar daidai yake da aikin Hajji. Wannan kam ba ta da tushe, babu inda ke tsaya wa Makka, kuma ladanin da muka yi wa zancen dariya kawai ya yi. Kangon Walili, tsohon birnin Rumawa, yana nan ƙasa, tafiyar 'yan kilomitoci. Na je ni kaɗai wata hantsi, na ga ginshiƙan dutse da matatsun man zaitun na dā, da wasu fararen tsuntsaye masu kama da shamuwa sun yi sheƙa a kan ginshiƙan, ruwa ya koro ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa a daren farko ya fara. Ka san Larabcin kasuwarsu ba irin na littafi ba ne. Ni da nake koyar da Nahawu, cinikin lemo ma da yatsu na yi shi. Amma bayan sallar magariba sai muka ga mutane sun yi da'ira a gaban liman, sun ɗauki karatun Alƙur'ani da murya ɗaya. Al'adarsu ce, izu ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba, kowane wata su sauke izu 60. Kunnena bai gama tantancewa ba Baffa ya riga ya shiga cikinsu da ka, domin ruwayar Warshu ce, wadda ya haddace a tsangaya tun yana yaro, da irin karkatar wasalin nan da wasunku ke yi wa dariya. Na ga wani dattijo kusa da shi ya waiwayo, ya sake waiwayowa, sa'an nan ya matsa ya buɗa masa wuri a da'irar. A sahun sallar ma, mai sadalu da mai ƙabalu kafaɗa da kafaɗa, ban ga wanda ya harari wani ba. Wannan a bar shi sai wani fitowar.

Kashegari dattijon nan ya ja mu zuwa wata makarantar allo a wani lungu. Yara sun takure cikin jallabiya, numfashinsu na fita kamar hayaƙi, kowa da allonsa. Su farar ƙasa suke shafa wa allon bayan an wanke, tawadarsu kuma da ƙonannen gashin tumaki ake haɗa ta, ba gawayi da ƙaro irin tamu ba. Na karɓi allon wani yaro na duba. Harafin fa, ɗigonsa a ƙasa. Harafin ƙaf, ɗigo ɗaya a sama. Daidai yadda aka koya mana a babbaƙu, daidai yadda yake a ɓangaren ajami na wannan mujalla da ke hannunka. Nasu ya fi siranta, namu ya fi kauri, amma gida ɗaya ne. Fatake da malamai ne suka ƙetaro mana da shi ta Sahara tun ɗaruruwan shekaru. Malamin ya miƙa wa Baffa alƙalamin kara, Baffa ya rubuta layi biyu da hannunsa mai rawa don sanyi, yaran suka karanta nan take ba gargada.

Ina faɗa maka wannan ne saboda abin da nake ji a aji. Yaro ya ga Alƙur'ani rubutun hannu sai ya ce wai "na gardawa ne", ko ya ce an yi kuskure, an sa ɗigo a ƙasa. Wata ɗaliba ma ta roƙe mu a daina buga ɓangaren ajami, wai ɓarnar takarda ce. Ruwayar Hafsu da muke karantarwa ingantacciya ce, Warshu ma ingantacciya ce, duk daga Manzon Allah suke, ba gasa ake yi ba. Amma ranar da aka wayi gari babu mai gane wancan ɗigo a gidanku, wa zai karanta wasiƙun kakanka da ke cikin gafaka, da takardar gonarku, da waƙoƙin Nana Asma'u yadda almajiranta suka kwafe su? Ni na san gidaje a unguwarmu da tuni aka kai nan, takardun na nan, masu karantawa sun ƙare.

Ranar da za mu sauko, malamin ya ba Baffa alƙaluma biyar da ɗan ƙullin tawadarsu, Baffa ya ba shi carbinsa. Uku daga cikin alƙaluman suna wurina. Na nemi izinin shugaban makaranta, ya amince: duk ranar Asabar bayan la'asar, wanda ke son koyon rubutun ya zo da allonsa, maza a barandar masallaci, mata a aji na uku. Wanda ba shi da allo ya zo haka nan, akwai guda shida a ofis.

Wassalamu alaikum.