Mutumin da ya ba da amsa, ya ce a kawo tambaya

Mu ɗalibai, in ana maganar gasar kacici-kacici a talabijin, idonmu na kan wanda ya amsa ya tafi da kyauta. Ba mu cika tambayar waye ya zauna ya tsara wasan ba, alhali shi ne mai riƙe da amanar kowa.

Mu ɗauki Merv Griffin, Ba'amurke da aka haifa a 1925 a jihar Kalifoniya. Da waƙa a gidan rediyo ya fara, daga baya ya koma gabatar da shirye-shirye a talabijin. Ya fara ƙirƙirar nasa gasannin ne bayan sunan harkar ya ɓaci. A ƙarshen shekarun 1950 asiri ya tonu cewa masu shirya wasu gasanni, irin su Twenty-One, suna ba 'yan takarar da suke so amsa a ɓoye. Satar amsa ke nan, irin wadda muka sani a ɗakin jarrabawa, sai dai a nan mai sa ido ne da kansa yake miƙa takardar. Magana ta kai majalisar dokoki, a 1960 aka yi dokar da ta haramta maguɗin. Masu kallo kuwa sun riga sun daina yarda.

Matarsa ce ta kawo shawara: to, me zai hana a ba kowa amsar a fili, a ce ya nemo tambayar? Haka aka haifi Jeopardy! a 1964. Mai gabatarwa zai ce, misali, "Babban birnin Faransa," kai kuma ka ce, "Mene ne Paris?" A ganinmu, nan gwanintarsa take. Bai tsaya rantse-rantse ba, sai ya ɗauki abin kunyar ya mayar da shi ƙa'idar wasa.

A 1975 ya ƙara da Wheel of Fortune, daga wasan cike gurbin haruffa da yake yi da 'yar'uwarsa suna yara. A 1986 ya sayar wa Coca-Cola kamfaninsa a kan dala miliyan 250.

Ko ɗan kiɗan nan na daƙiƙa 30 da ake sawa yayin da 'yan takara ke tunanin tambayar ƙarshe, shi ya tsara shi, asali don rarrashin ɗansa ya yi barci. Wannan kam bai haɗa shi cikin cinikin ba, kuma ya ci gaba da karɓar kuɗinsa har rasuwarsa a 2007.