Daga Kalgo Zuwa Gwandu da Inji Mai Rawa

Tun a Kalgo motar ta fara kai ƙara. Mun tsaya a mahaɗar da hanyar Bunza da Kamba ta rabu da ta Jega, ƙanena ya sauka sayen ƙosai, ni kuwa na bar inji a kunne. Sitiyari sai kakkarwa yake a hannuna kamar mai zazzaɓin damina, madubi na rawa, makullan da ke rataye suna ta kaɗe-kaɗe. Da na sa giya na saki kuloci sai na ji "gum!" daga gaba, kamar an saki taɓarya a turmi.

Golf 3 ce, samfurin da Jamusawa suka fara ƙerawa a 1991, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Ke nan sa'ar jihar ce, ba yarinya ba. Mako guda kafin tafiyar wani bakanike a Birnin Kebbi ya ce mini sai an sauke giya gaba ɗaya, ya yanka kuɗin da ya sa na ce masa sai na yi shawara. Shawarar ba ta wuce ta aljihu ba. Ga ɗaurin auren 'yar kawuna ranar Asabar a Gwandu, don haka ranar Alhamis muka ce bismilla, in ta kai mu falillahil hamdu.

Kalgo ta sauya tun da Jami'ar Tarayya da babban asibitin jiha suka zauna a gefenta, amma ranar ban ga komai ba sai allurar gudu da ramukan titi. A Jega muka kutsa tsakanin manyan motocin da ke fitowa daga Yawuri, kowane tsayawa da tashi sai an buga mana taɓaryar nan. Da muka shiga Aliero, warin albasa ya cika motar, ƙanena ya ce tunda garin masu ɗori ne, mu kai musu ita ko za su ɗaure mata karaya. Ban yi dariya ba. Sandar giya na motsi da kanta duk lokacin da na taka totur, abin da ban taɓa gani ba.

Bayan la'asar muka isa. Kawu na zaune kan buzu a ƙofar gida. Shekarunsa na ƙuruciya duk a kan babbar mota ya ƙare su, yana kai albasa Kudu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, mi bakanike yac ce maka?"

Na gaya masa. Ya ce in buɗe bonet, in ja birkin hannu, in sa giya ɗaya, in saki kuloci kaɗan kaɗan ina taka totur. Ƙanena da ke tsaye kusa da shi ya ja da baya da sauri. Ashe injin ne ya ɗaga kai kamar rago zai yi karo, sannan ya koma ya zauna da ƙara.

"Wagga mota giyatta lahiya lau take," in ji Kawu. "Siti na yam mutu."

Injin siti, kamar yadda makanikai ke kiransa, dunƙulen roba ne da aka haɗa da ƙarfe sama da ƙasa, bai fi a riƙe shi a tafin hannu ba. A kansa inji ke zaune. Shi ke riƙe nauyin, shi ke shanye girgizar kafin ta iso jikin mota. Golf 3 guda uku gare ta: ɗaya a gaba kusa da lagireto, biyu a baya, na inji da na giya. Idan ɗaya ya tsage, sauran biyun su ke ɗaukar wahalarsa, daga nan salansa ta fara tsagewa, tiyo da wayoyi su riƙa jan juna. Kawu ya ce a bari sai da safe, inji ya huce, ido ya ga gari.

Da hantsi aka tura motar cikin gida ƙarƙashin dogon yaro. Aka sa duwatsu gaba da bayan tayoyi, aka cire kan batir, domin sitin gaba dab yake da kik, sufana na iya haɗa wuta. Jak biyu muka samu, nawa da na maƙwabci. Ni da gaggawata na cusa jak kai tsaye ƙarƙashin kaskon baƙin mai, wanda makanikai ke ce wa botom filet. Kawu ya buge mini hannu da carbi. Ya sa aka ɗauko guntun katako mai kauri aka shimfiɗa tsakanin jak da kaskon, don kada ƙarfen ya lotsa ya toshe wa famfon mai hanya. Ga shi kuma tsakar gidan rairayi ne. Bugu uku na yi, maimakon inji ya hau sai jak ya riƙa nutsewa. Sai da aka ciro wani tsohon ƙyaure daga bayan rumbu aka shimfiɗa a ƙasa, sannan abin ya tsaya.

Nan ne na ga bambancin mai sani da mai ƙarfi. Ba ɗaga inji ake yi ba, sauke wa sitin nauyi kawai ake yi. Kawu ya sa aka fara sassauta notin sama tun injin na zaune, sannan ya ce in riƙa bugawa sannu, shi kuma ya ɗora tafin hannu a kan injin yana jin tashinsa. Da ya kai kamar faɗin yatsa biyu ya ce ya isa, fiye da haka tiyon ruwa zai tsinke. Ya jera itace a ƙarƙashi ya tokare, ya ce babu wanda zai sa hannu a wurin sai an yi haka. Notin ƙasa ya ci tsatsa, ya ƙi motsi, sai da aka jiƙa shi da kananzir aka ƙara wa sufana tsawo da bututun ƙarfe. Da sitin ya fito, gida biyu ya rabu a hannuna. Wata takwas kacal da na saye shi sabo fil a kwali.

Aka ba autan gidan gawar sitin a leda, ya hau babur zuwa Jega ya nemo irinsa. Kawu bai yarda da kwatance ta waya ba.

Jiran ya ba ni damar zuwa hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Wuri ne marar hayaniya, ka cire takalmi ka yi addu'a ka fito jikinka a sanyaye. Mai wucewa ba zai ce daga wannan ɗan gari aka taɓa juya rabin daula ba, har Nupe da Ilori. Shehu Usmanu da kansa ya zauna a nan daga 1805 kafin ya koma Sifawa, kuma tafsirin Malam Abdullahi, Liya'ut Tawili, har gobe ana karanta shi a zaure. A nan ma Baturen nan Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya tarar da kwafin Tarihus Sudan a 1853 ya zauna yana kwafa. Tun zamanin Turawa Sarkin Gwandu ya koma Birnin Kebbi da zama, aka bar wa garin suna da kabari da malamai.

Auta ya dawo ana shirin tafiya masallacin Juma'a, da siti biyu: sabo mai ƙyalli, da na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar motar Turai. Mai shago ya ce a zaɓi ɗaya a mayar da ɗaya. Kawu ya danna kowanne da babban yatsa, ya auna nauyinsu a hannu, ya ajiye sabon gefe. Ni ban cika yarda cewa duk na Beljiyam ya fi ba, tsohuwar roba tsohuwa ce, wani ma a tsage yake zuwa. Amma wanda sabo ya yi wa wata takwas ba shi da bakin gardama.

Bayan an sauko daga masallaci muka koma. Mayarwa ta fi cirewa cin rai. Ramin noti ya ƙi daidaita da na sitin, saura ɗan ƙiris, kuma ɗan ƙiris ɗin nan shi ne aikin. Ƙanena ya sa ƙarfen cire taya yana tura injin, ni ina sauke jak kaɗan ina ƙarawa kaɗan, Kawu na laluben ramin da yatsa. Da ya shiga ya hana a sa sufana. Da hannu ake fara murɗa noti, in ji shi, in ya hau a karkace ka ci zaren, ka jawo wa kanka aikin walda. Ba a kuma ɗaure shi tamau sai an sauke injin ya zauna da nauyinsa, an girgiza shi ya sami wurinsa. Wanda ya ɗaure tun inji na sama, robar a murɗe za ta kwana, ba za ta yi ƙarko ba. Ina zargin abin da aka yi wa nawa ke nan wancan karon.

Kafin a rufe bonet ya haska mini sitin baya da tocilan. Baƙin mai na ɗiga a kansa daga murfin saman inji, robar ta fara kumbura ta yi laushi. Mai da zafi su ne ajalin roba. Ya ce wannan zai kai ni gida, amma kada Sallah ta same shi a wurin.

Aka tayar da mota. Matar kawu ta aiko da shayi, Kawu ya ɗora kofinsa a kan bonet, muka zuba masa ido mu huɗu. Ko ɗigo bai zuba ba.

Ranar Lahadi muka juyo, but cike da albasa da sauran cincin ɗin biki. A mahaɗar Kalgo na sake tsayawa, na bar inji a kunne, ƙanena ya sauka sayen ƙosai. Makullan ba su ce komai ba. Giyar da aka ce sai an sauke, har yau tana nan inda take.